Ruwa a Kwalbar Auta

Ranar da sabuwar kwalbar magani za ta shigo gidan mai fenti, ya fita aiki da sassafe, bai san masifa ya baro a bayansa ba.

Autarsa sikila gare ta. Da ciwon ta tashi, da shi ta yi makaranta, yanzu ta zama budurwa tana koyon ɗinki, amma in ya motsa sai ta naɗe a katifa tana cizon filo. Shi da matarsa sun san bencin asibiti kamar kujerun ɗakinsu. A kwanciyar ƙarshe likita ta sallame su da mofin na ruwa, maganin kashe ciwo mai ƙarfin gaske. Ta nuna wa Auta layin da za ta tsaya a ɗan kofin awo, ta ce kada a wuce shi, kada a haɗa da maganin barci.

Mai fenti ya ce to. Sai dai a bakin ginin da yake aiki kullum yana ganin samarin da ƙwaya ta cinye, suna barci a tsaye, yawu na zuba. In ya dawo gida ya ga kwalbar a kan firij, sai ya ji tsoron kada Auta ta zama irinsu. Shi kuwa abin da ya iya a duniya shi ne sirki: in fenti ya yi kauri, a ƙara masa ruwa. Don haka in Auta ta shiga wanka, sai ya tsiyaye maganin kaɗan a makwarara, ya cike gurbin da dafaffen ruwa. Bai gaya wa kowa ba.

"Baba, maganin nan ya daina yi mini aiki," in ji Auta wata rana.

"Sauƙi ne ke tafe, Autata."

"Sauƙi? To Allah ya raba ni da irin sauƙin nan naka."

Ya yi dariyar yaƙe. Bai san ita ma tana tata dabarar ba. Da ta ga awo ɗaya ba ya taɓa ciwon, sai ta riƙa ninkawa, ta yi shiru don kada a ce ta zama 'yar ƙwaya.

Ranar da sabuwar kwalbar ta shigo, yana kan tsani da tsakar rana waya ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban Auta, barcin yarinyar nan bai yi mini ba. Na kira, na girgiza, sai munshari."

"Bar ta ta huta mana, ke ma ki samu ki miƙe ƙafa."

"Leɓenta ya yi duhu fa. Tun da na karɓo mata sabuwar kwalba ta sha take kwance."

"Sabuwa? Ina tsohuwar?"

"Ta ƙare mana. Cinye ta zan yi?"

Bai san yadda ya sauko ba. Ya bar bokiti a buɗe, ya tari mota da fenti har gwiwar hannu.

A asibiti ya tarar an sa mata abin numfashi a hanci. Nas ta yi mata allurar da ke karya ƙarfin mofin. Auta ta ja wani dogon numfashi, ta yi amai, sai ciwon ya dawo mata gaba ɗaya, ta fasa kuka. Uwar ta riƙe mata kai, ita ma idonta ya bushe don gajiya.

Likita ta ja su gefe. Uwar ta ce ta sha ganin yarinyar tana cika kofin fiye da sau ɗaya, ta ɗauka an ƙara mata ne.

"In haka ta saba sha, bai kamata yau ya kayar da ita ba," in ji likita. "Ko dai akwai abin da take haɗawa a ɓoye?"

Mai fenti ya ga inda zancen ya nufa. Za a ɗora wa 'yarsa sunan da ya fi tsoro, kuma a auna mata magani a kan ƙarya.

"Ba ta haɗa komai, likita. Tsohuwar kwalbar rabinta ruwa ne. Ni nake sirkawa."

Matarsa ta dube shi daga sama har ƙasa. "Sirkawa? Malam, 'yarka ce ko bango?"

Likita ba ta yi faɗa ba, goshinta kawai ta murza. "Baba, da ka ce mini tsoro kake ji, da mun zauna. Ana rage maganin nan, amma a hankali, kuma da sanin mai shan sa."

Ya koma bakin gadon ya tsuguna. Labule kaɗai ne tsakaninsu ɗazu, Auta ta ji komai. Ya kira ta, ta juya fuskarta bango.

Nas ta ce ba za a sallame su ba, don allurar kan sake ta kafin mofin ya bar jiki, dole a tsare numfashinta. Ya zauna a bencin da ya saba, fentin hannunsa yana bushewa. Ko numfashin zai riƙe in allurar ta sake ta, ba wanda ya sani tukuna.