Murya a Cikin Kaho

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana zaune a kujera ta biyu ta masu busa kaho a babbar ƙungiyar kiɗa ta garin, har sunanta na yanka ya ɓace. Ta-biyu kowa yake ce mata, tun daga Mai-sanda da ke jagorantar kiɗan har matar da ke share zauren. Kahon nata irin na tagullar nan ne da ake kira kahon Faransa, mai nannaɗaɗɗen jiki da faffaɗan baki wanda ake cusa hannun dama a ciki. Kujera ta ɗaya kuwa ta Malam ce, wanda ya koya mata busa tun tana 'yar sakandare. Da Malam ya ce leɓensa ya gaji, zai ajiye aiki, aka sa ranar gwaji don cike gurbinsa. Ta-biyu ba ta yi wa kowa ɓoye-ɓoye ba, kujerar nan take so.

Gwajin yana da dokarsa. Ana rataya baƙin labule mai kauri a tsakiyar dandali, alƙalai biyar su zauna a gabansa, mai busa ya tsaya a bayansa. Ba suna, sai lamba. A bakin ƙofa ake cire takalmi, don kada takun ƙafa ya tona ko mace ce ko namiji. Doka ta huɗu kuma ta ce mai gwaji ba zai bari a ji muryarsa ba. Ta-biyu tana ƙaunar wannan labule, don a ganinta shi kaɗai ne wurin da ba za a ce mata Ta-biyu ba.

A cikin kiɗan da aka zaɓa akwai wani layi kusa da ƙarshe da masu kaho ke tsoro. Mawallafin kiɗan ya rubuta sauti uku da za su fito a lokaci guda, alhali kaho sauti ɗaya yake fitarwa. Dabarar ita ce ka busa na ƙasa da leɓe, a lokaci guda ka rera na sama da maƙogwaro, bakinka yana kan kahon. Idan biyun suka haɗu daidai a cikin bututun, sai na uku ya fito da kansa a tsakaninsu, wanda ba kai ka busa ba, ba kai ka rera ba. Yawancin mutane na ƙasan kawai suke busawa su wuce abinsu, kuma ba wanda ke ce musu kanzil.

Ita ta ce sam. Wata huɗu ta yi a ɗan ɗakin ajiyar gidansu, inda maigidanta ya jingina tsofaffin katifu biyu a bango saboda maƙwabcinsu mai saurin fushi. Haƙoranta su yi ta zir-zir, kunnuwanta su yi ƙaiƙayi, kanta ya sara.

"Mama, ƙudan zuma ne ya shiga kahonki?" 'yarta ta taɓa tambaya daga bakin ƙofa.

"Yau dai kamar kuka ne na saniya," in ji maigidan, "amma saniyar da ta yi makaranta."

Ran da sauti na ukun ya tsaya cak bai yi rawa ba, maigidan da kansa ya ajiye dutsen gugar da ke hannunsa ya leƙo, yana neman wanda ya shigo ɗakin ya taya ta.

Ranar gwaji ita ce lamba bakwai. Ta shiga ba takalmi, sanyin katako na ratsa tafin ƙafarta, ta juya kahon ta tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, ta soma. Da ta zo layin nan, sautuka ukun suka tashi tare suka cika zauren, har ta ji gashin hannunta ya miƙe. Ba ta taɓa yin shi da kyau haka ba, ko a tsakanin katifu. Saura layi biyu ta gama sai ta ji an kaɗa ƙararrawa.

Sakataren ƙungiya ne ya zagayo bayan labule da fayil a hammata. Mutum ne da bai taɓa busa ko usur ba, amma dokokin gwaji ya haddace su tsaf.

"Lamba bakwai, an soke ki," ya ce. "Doka ta huɗu. An ji muryarki."

"Muryata? Na yi magana ne?"

"Ni dai murya aka ce. Doka ba ta ce magana ba."

Haushi ya turnuƙe ta har sai da ganinta ya dushe. Ta fizgo takardar kiɗan ta kai masa ita har hanci. "Duba nan! Sauti nawa ka gani? Uku! Ku kuka zaɓi kiɗan, ku kuka aiko mana da takardar. Da me kuke so in fitar da na saman, da gwiwata?"

"Ai sauran 'yan gwajin ba su yi ba."

"Ba su iya ba ne!"

"Wannan kuma ba hurumina ba ne," in ji Sakatare, ya gyara fayil ɗinsa ya juya.

Kai, wannan rainin hankali har ina! Mutum shida sun tsallake abin da aka rubuta, ba a kaɗa wa ko ɗaya ƙararrawa ba. Ita da ta yi abin da aka rubuta ita ce mai laifi. Kafin la'asar aka liƙa sakamako a allon sanarwa: lamba uku ya ci, wani baƙo daga wani gari, mai busa tsaf-tsaf wanda ya bi ta kan layin nan kamar bai gan shi ba.

Ba ta tafi gida ba. Ta nufi ɗakin masu kaho, takalmanta a hannu don ta manta ma ba ta sa su ba. Malam yana cikin alƙalan nan biyar, kuma tana so ta ji daga bakinsa yadda aka yi ya zauna ya zuba ido aka yi mata haka. Ta same shi yana kwashe tarkacensa daga kabad, kwalaben mai da tsummokara da tulin tsofaffin takardu.

"Malam, kana zaune aka kaɗa mini ƙararrawa?"

Bai juyo ba. "Ni na ce a kaɗa."

Da wani ne ya faɗa mata, da ta ce ƙarya yake yi.

"Kai ka koya mini wannan abin, Malam. A ɗakin nan. Ka ce duk wanda ya tsallake layin nan ya ci amanar mawallafi."

"Na koya miki, shi ya sa na gane ki," ya ce, yanzu kam ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Kina rerawa na san ke ce. Muryar nan tun kina 'yar shekara goma sha huɗu nake jin ta. Daga nan labulen ya tashi a banza, 'yata. In na ba ki maki, ɗalibata na ba, ba lamba bakwai ba. Shekara talatin ban taɓa yin son kai a gwaji ba, ba zan fara ranar tafiyata ba."

Ya faɗe shi da nutsuwar mutumin da ya yi abu mai ciwo don gaskiya, yana jiran a jinjina masa. Wannan nutsuwar ce ta fi ƙona mata rai.

"Sauran huɗun fa? Sun gane ni?"

"Ko kusa. Mai-sanda ma cewa ya yi wannan mutumin daga ina ya fito. Ya riga ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambarki, sauran ukun ma haka."

"To ashe labule bai tashi a banza ba," ta ce. "Mutum huɗu ba su san ni ba, kuma sun zaɓe ni. Kunne ɗaya ne ya san ni, naka. Me ya hana ka ajiye alƙalaminka ka ce ka san lamba bakwai, ka tashi ka fita? Kai da yau ma kake barin aiki. Don me ni za a fitar?"

Malam ya dubi kwalbar man da ke hannunsa. Ta tsaya tana jira ya kawo wata doka, ko wata hujja, ko da ta ƙarya ce, don ta sami abin da za ta yi faɗa da shi. Babu. A fuskarsa ta ga amsar, kuma ta fi duk wata hujja ciwo: tunanin bai taɓa zuwa masa ba.

"'Yata…" ya fara.

"Ta-biyu," ta ce. "Haka za ka ci gaba da kira na. Kai ka tabbatar mini da sunan."

Ta sunkuya ta sa takalmanta, ta ɗauki jakar kahon. Hanyar fita ta baya ta fi kusa, amma ta bi ta kan dandali, inda ma'aikata biyu ke kan tsani suna kwance labulen. Ta taka katakon da ƙarfi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga wannan gefe har wancan. Ranar Litinin ƙarfe tara akwai atisaye, kuma ita ce za ta nuna wa baƙon inda kujerarsa take.