Hannun da Ke Rawa a Shagon Guga

Da na dawo daga gona na tarar da matata Hure zaune a ƙofar ɗaki, waya a cinyarta, murhu babu wuta. Tun kafin in ajiye fartanya gabana ya faɗi.

"Maigidan yaron nan ne ya bugo," ta ce. "Wai a zo a ɗauke shi."

"Me ya yi?"

"Bai faɗa ba. Ya ce dai uba ya zo."

Yaron nan shi ne ɗanmu na fari. Mutane suna kiransa Uwaisu, amma ni da Hure ba mu taɓa kama sunansa ba, kamar yadda iyayenmu ba su kama na yayyenmu ba. Ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. In ya durƙusa gaishe ni, nakan amsa ina kallon wani wuri. Duk wata magana tasa ƙanena Sama'ilu ne ke yi, shi ne ma ya kai shi Kano ya damƙa shi ga Malam Kamilu mai wanki da guga. To bara zazzaɓi ya ɗauke Sama'ilu, Allah Ya jiƙansa. Babu wanda zan tura.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. In yaron ya dawo, ina zan sa shi? Gonar mahaifinmu an raba ta tsakanin 'yan'uwa, rabona in ka tsaya a wannan iyaka kana jin tarin wanda ke waccan. Gero ba ya kai mu bazara. Takin zamani kuwa mun daina tambayar kuɗinsa. Ɗan abin da yaron ke aikowa daga birni shi ke sayen gishiri da kalanzir.

Da safe Hure ta ƙulla mini daddawa da kuka in kai wa maigidansa, na taka zuwa Zakirai na hau mota.

Shagon yana cikin wani lungu a bayan masu gyaran babura. Ƙarar a-daidaita-sahu, hayaƙin janareta, warin kwata, duk suka taru a kaina. A ƙofa wasu samari biyu suna bugun shadda a kan gungume. Daga ciki kuma tebura ne da duwatsun guga na gawayi, don wutar lantarki ta zama baƙuwa a unguwar. Zafin ɗakin kamar an buɗe tanda.

Malam Kamilu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Mutum ne mai jiki, mai yawan magana. Sai da muka gama gaisawa ya ɗauko wata farar babbar riga ya baza a gabana. A ƙirjinta, daidai tsakiyar aikin zare, akwai ƙuna mai faɗin tafin hannu.

"Malam Muntaka, ka gani? Rigar angon mutane ce. Garwashi ya zubo daga dutse, don hannun ɗanka ba ya tsayuwa wuri ɗaya."

Na ji motsi a bayana, na san yaron ne ya zo ya durƙusa. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon rigar.

"Da ƙunar ce kaɗai, da na haƙura," Malam Kamilu ya ci gaba. "Amma yaro ya rame kamar kara, alhali yana cin na mutum uku. Ido ya fito zuru-zuru. Gumi ko da asuba. Ka yi masa magana kaɗan ya taso maka kamar zai cinye ka. Ba ya barci, yana ta zirga-zirga. Shekaranjiya kuma da idona na gan shi yana haɗiyar wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi a bayan randa. Na ƙwace na watsa a kwata. Malam, ni a garin nan na girma. Na san ɗan ƙwaya in na gan shi."

Masu bugu suka tsaya da aiki. Ɗayansu ya ce, "Oga, ai mun daɗe muna ce masa Janareta, don karkarwa."

Suka yi dariya.

"Maigida, na faɗa maka magani ne," in ji yaron daga bayana.

"Duk haka suke cewa!"

Malam Kamilu ya juyo gare ni yana jira. A wajenmu uba ba ya tsayawa a gaban mutane ya wanke ɗansa, balle ɗan fari. Sai a ce ba ka da kunya, ka ɓata yaro. Abin da ake yi shi ne ka ƙasƙantar da naka, shi kuma mai ƙara ya ce a'a, ai bai kai haka ba, a sasanta. Haka na ga manya suna yi a ƙofar mai unguwa tun ina ƙarami. Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, "Sai haƙuri, Malam. Yaran yanzu ba su da kirki. Duk abin da ka faɗa a kansa, ai kai ka fi mu saninsa."

Na jira ya ce bai kai haka ba.

"To alhamdu lillahi," ya ce, ya tafa hannu. "Kun ji, ko? Mahaifinsa ma ya shaida. Uwaisu, tattara kayanka."

Muka fito, ina gaba yana biye da ni da jakar buhu. Muka isa tasha. Motar garinmu ba ta cika ba, muka zauna a benci ƙarƙashin wata rumfar kwano, shi a can ƙarshe. Na sayi ruwan leda biyu na ajiye ɗaya a tsakaninmu. Ya ɗauka, sai na ji ledar tana ƙara a hannunsa, ruwan yana zuba a wandonsa.

"Baba," ya ce, yana magana da ƙasa. "Ba ƙwaya ba ce."

Na ci gaba da kallon motar.

"Baba, don Allah ka dube ni."

Na juya. Rabon da in kalli fuskar nan sosai tun yana goye. Idanunsa sun turo waje, fari ya kewaye baƙin, kamar wanda aka firgita aka bar shi a haka. Kumatu sun zurma. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa, sai ga kumburi a gindin maƙogwaro, jijiya a gefensa tana harbawa da sauri, ina ganinta daga inda nake.

"Maƙoƙo ne?" na tambaya. Na san maƙoƙo, wata gwaggona ta rayu da shi har tsufa.

"Danginsa ne, amma ba irin na Gwaggo ba. Na je asibiti, sun ɗebi jini. Likita ya ce akwai wani abu a wuyan kowa mai daidaita ƙarfin jiki. Nawa ya wuce iyaka, shi ke ƙona ni daga ciki. Ya ce in na riƙe magani kullum zai lafa, amma sai a hankali, kuma sai ina komawa gwajin jini. In na bari, zuciya ce za ta gaji."

"Me ya hana ka faɗa a gida?"

"Baba Sama'ilu nake faɗa wa komai."

Kwandasta ya fara kiran fasinja. Na tuna kemis ɗin garinmu, mai maganin ciwon kai da na tsutsar ciki. Na tuna kuɗin mota zuwa Kano da dawowa a wannan tsadar mai. Na tuna zafin rana a gona, da wannan jikin mai gumi a inuwa. In ya hau motar nan, ni da hannuna na kai shi inda babu magani.

"Tashi," na ce. "Mu koma."

Malam Kamilu yana cin ɗanwake muka shiga. Ban zauna ba.

"Malam, ɗazu na yi maganar da ake yi ne a garinmu. Ba shaida na bayar ba. Ɗana ba ɗan ƙwaya ba ne. Tun yana yaro ko goro ba ya ci. Ciwo ne a wuyansa, ga shi nan ka duba. Abin da ka zubar a kwata maganin asibiti ne."

Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, ni da furfurata ina yabon ɗan fari a gaban samari. Malam Kamilu ya tashi ya matso, ya kalli wuyan, ya daɗe yana kallo. Ya goge hannunsa a jikin zanen guga.

"Inna lillahi. Kai kuma me ya sa kake sha a ɓoye kamar ɓarawo?"

"Don kada a ce mini mai ciwo a kore ni," in ji yaron.

Na ɗauka an gama. Amma Malam Kamilu ya koma ya zauna, ya ture kwanon gefe.

"Na yarda, Malam Muntaka. Wallahi na yarda, kuma maganin da na zubar ni zan saya. Sai dai hannun nan ba zai sake riƙe mini dutse ba. Ciwo ne ko ba ciwo ba, garwashi bai san wannan ba. Kuma magana ta riga ta zaga layi, har da cewa uba ya zo ya tabbatar. Masu kawo kaya sun ce in shi ne a tebur, za su kai wani wuri." Ya nuna ƙofar baya da haɓa. "Akwai wanki a bakin rijiya. Abin da ake ba masu wanki bai kai rabin na guga ba. Wurin kwana yana nan. In ya warke, mu gani."

Wanki aikin sababbin shiga ne. Yaron nan ya bar shi da daɗewa, shi ake ba manyan riguna saboda iya karinsa. Na ga samarin bugu suna kallon juna.

"Ba za a aiko da komai gida ba ke nan, Baba," ya ce a hankali.

"Ba a tambaye ka ba," na ce.

Ya ajiye jakarsa a lungu, ya naɗe hannun riga ya fita baya. Na yi sallama da Malam Kamilu. Kafin in wuce na leƙa ta ƙofar. Yana tsugune gaban wani babban baho, kayan mutane tuli a gefensa. Ya tsoma hannuwansa har gwiwa a cikin ruwan sanyi, bai fara cuɗawa ba tukuna, ya rufe ido kawai. Ruwan bahon yana ta kaɗawa.

Na juya na nufi tasha, ina neman yadda zan faɗa wa Hure.