Jan Ƙwai da Shuɗin Ƙwai

Lirwanu ya dawo Shagari daga Legas a shekarar da farar hula suka yi zaɓensu na biyu, bayan kamfanin da yake yi wa gadi ya rufe. Bai zo da komai ba sai jakar hannu, da baƙin tabarau, da wani ƙullin iri a leda wanda bai yarda kowa ya taɓa ba. Uwarsa, Inna Fatu, ita ke noma gonar da mijinta ya rasu ya bari, ta ɗauka ta sami mataimaki. Sau ɗaya ya bi ta gona. Ya dawo yana duba tafin hannunsa kamar wanda aka zalunta.

Abokin shawararsa shi ne Maniru, mutumin Bodinga, wanda ya yi wa 'yan siyasa aikin ɗaura fitilu a wuraren taro. Da aka gama zaɓe ya kwashe ƙwayayen lantarki masu launi cikin kwali ya kai gida, ya ce ladansa ne. Bai taɓa koyon aikin wuta ba. Iyakar saninsa ya murɗa waya biyu ya naɗe da leda.

Irin da ke cikin ƙullin na wiwi ne. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa gaya wa Lirwanu cewa a Turai cikin ɗaki ake shuka ta a kunna mata fitila, ba wanda zai gani. Shi ke nan, ƙattai biyu a ƙasar da rana ke gasa ƙeya kyauta suka yanke shawarar yin noma da fitilun kamfe.

Lirwanu ya ce wa uwarsa 'yan tsakin Turawa za su kiwata, masu son ɗumi, kuma ba a shiga wurinsu don gudun cuta. Ta ba su ɗakin marigayi, wanda ke jikin rumbu. Maniru ya jawo waya daga turken bakin hanya, ya bi da ita ta kan jinkar rumbun, ya zura ta taga. Suka cika gwangwanaye da ƙasa, suka toshe tagar da buhu, suka sa kwaɗo.

Tun ranar farko suka saɓa a kan launi.

"Ja za mu sa," in ji Lirwanu. "Mutumin jirgi da bakinai yac ce min ja shi ka sa ta ƙiba."

"Mutumin jirgi mi yas sani?" in ji Maniru. "Ni da idona nig ga hoto cikin mujallar Turawa, ɗakin duk shuɗi na."

"Ka iya karatun Turanci?"

"Hoto ba a karanta shi, duba shi a kai."

Haka suka yi ta yi har la'asar, ba wanda ya san abin da yake faɗa. Daga ƙarshe suka rataya tabarma a tsakiyar ɗakin, gabas ja, yamma shuɗi, kowa da gwangwanayensa. Tsiron ya fito siriri, fari fat, yana rangaji kamar mai jinya. Lirwanu ya ce shuɗin Maniru ne ke ratso tabarma yana ɓata masa shuka. Maniru ya ce zafin ja ne ke kashe tasa. Maganin da kowannensu ya gano shi ne ƙarin ƙwai. Duk zuwan Maniru daga Bodinga sai ya zo da wasu, ya ƙara murɗawa a kan wayar nan guda ɗaya.

Inna Fatu ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin ta kasa kunne.

"Kai, waɗanga 'yan tsaki naku ba su kuka?"

"Na Turawa na, Inna, ba su da surutu."

Ta dube shi, ta wuce. Tana da abin da ya fi wannan damunta. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar nan, geron da ta samu bai kai rabin rumbu ba, kayan masarufi kuma sun yi wuya. Ta rage tuwo, ta daina sa mai a miya, Lirwanu kuwa kullum sai ya nemi ƙari. Soja suka karɓi mulki, rediyo ya yi ta maganar hukuncin masu wiwi. Su biyun ba su fasa ba, suka dai ƙara kwaɗo na biyu.

Wata Juma'a da bazara, maza suna masallaci, wayar ta yi zafi ta narke a kan jinkar rumbu. Maƙwabciya ce ta fara ganin hayaƙi. Mata suka fito da tuluna da bokitai, amma busasshiyar ciyawa ba ta jira kowa ba. Kafin a sallame salla rumbun ya rufta a kan geron. Wata mata ta tuna an ce akwai 'yan tsaki a ɗakin, ta ɗauko taɓarya ta fasa ƙofa don ta cece su. Ba ta sami ko gashin kaza ba, sai gwangwanaye jere da ganyen da ya yi yaushi, da fitilu rataye kamar wurin rawa.

Da maza suka iso, wani tsohon soja a cikinsu ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina, ya faɗi sunan abin da ƙarfi. Inna Fatu tana durƙushe tana tona toka da hannu, ko za ta sami zangarniyar da ta tsira. A bayanta ɗanta da abokinsa suka soma musu.

"Sai da nic ce maka ja zafi garai!" in ji Maniru.

"Ƙarya kakai! Shuɗɗanka sunka yi wa waya yawa!"

Mai unguwa ya daka musu tsawa, ya sa aka zaunar da su a ƙasa. Da 'yan sanda suka zo, kowannensu ya rantse cewa shukar ta ɗayan ce. Maniru ya ce aron fitila kawai ya bayar. Lirwanu ya ce shi bai ma san ko irin mene ne ba. Aka haɗa su a bayan mota ɗaya zuwa Sakkwato.

Kafin motar ta tashi Lirwanu ya leƙo.

"Inna, ki yi musu magana mana! Ki ce ba ni da laihi!"

Ta miƙe, ta kakkaɓe tokar zanenta, ta zo har jikin motar. 

"Ɗakin ubanka nib ba ka," ta ce. Ta juya ta shiga gida.

Da labari ya kai garin Danchadi, inda wan Inna Fatu, Malam Ummaru, yake zaune, sai ya zo da amalanke ya kwashe ta da 'yan tukwanenta. A fadamarsa ta ƙarasa ranin, tana ban ruwan albasa da tsufanta. An ɗaure Lirwanu da Maniru duka biyun. Maniru ya riga fitowa, ya koma Bodinga yana gyaran tocila a kasuwa, yana gaya wa duk mai saurare cewa sharrin mutanen Shagari ne ya ja masa. Da Lirwanu ya fito ya aiko direba ya tambaya ko zai iya zuwa Danchadi. Inna Fatu ta ce a gaya masa akwai fartanya a zaure, in noma zai yi ya zo. Bai zo ba.