Mata Huɗu a Fayil Ɗaya

Injiniya suke ce masa a asibitin, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. A ɗakin kati ya fara aiki, yana rubuta sunayen marasa lafiya, har aka lura shi kaɗai ne ba ya tsoron taɓa waya idan kwamfuta ta ɗauke. Daga nan aka damƙa masa makullin wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda babbar kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin kowa take zaune tana gurnani. Saba ake kiranta. Shekara goma sha ɗaya yana lallaɓa ta kamar tsohuwa mai rikici.

Kwana takwas da suka wuce aka sauya mata manhaja. Tsohuwar manhajar ta gaji, kamfani ya turo mutuminsa da sabuwa, aka kwashe bayanan marasa lafiya dubu sittin da ɗoriya aka juye a ciki. Shugaban asibiti har da tafi. Injiniya kuwa ya yi sati guda yana taku ɗai-ɗai, kai ka ce shi ya ƙera ta.

Ranar Litinin da hantsi Likita ta aika a kira shi sashen mata. Bai yi mamaki ba, don mahaifiyarsa ce kwance a gado na shida. Tun bara da shanyewar ɓarin jiki ta kama Inna bakinta ya mutu, yanzu kuma ciwo ya shiga jininta, zazzaɓi ya ƙi sauka.

"Injiniya, zo ka duba min wannan," in ji Likita, ta juyo masa da kwamfutarta. "Innarka ta haihu sau nawa?"

"Mu biyu ne, ni da Yaya."

"Nan an ce tara. An kuma ce an cire mata ƙafar hagu. Yanzu na ɗaga bargo, ƙafafunta biyu cif."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta maƙale. Likita ta rage murya. Gwaji ya dawo, allura iri biyu kawai ke iya kashe ƙwayar cutar, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai shuɗi. Kuma Sista mai jinya ta ce ta tuna shekarun baya an taɓa yi wa Inna wata allura a nan, ta kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa.

"A fayil ɗin, gurbin maganin da jikinta ba ya so fayau yake. Ina buƙatar sanin wacce ce kafin la'asar. Jikinta ba zai ɗauki jira ba, ba zai kuma ɗauki kuskure ba."

Ya tuna ranar sarai, shekara tara ke nan. Ya tuna leɓɓan Inna sun yi suntum, ya tuna gudun da ya yi babu takalmi. Da hannunsa ma ya shigar da sunan maganin a kwamfuta, ya ce wa Yaya ta kwantar da hankalinta, an adana. Wannan adanawar ce ta sa bai wahalar da kansa ya haddace ba.

Ya koma ɗakin saba ya rufo ƙofa. Cikin minti ashirin ya gano inda gizo ke saƙar.

A ɗakin kati akwai wata al'ada da ta girme shi. Manhaja ba ta yarda a bar gurbin ranar haihuwa babu komai, tsofaffi kuwa ina suka san ranar haihuwa? Sai Baban Kati, shugaban ɗakin, ya kafa doka: duk wanda bai sani ba, a rubuta masa ɗaya ga watan ɗaya. Shekara kuma a dubi fuskar mutum a yanka masa mai sifili a ƙarshe. Haka rabin tsofaffin garin suka zama 'yan biyun juna. Tsohuwar manhaja ba ta damu ba, lambar kati take bi. Sabuwar kuwa mai wayo ce, wayon banza. Da ta ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai ta ce ai mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ta haɗe su. Inda bayanai suka ci karo, ta ɗauki na baya-bayan nan ta watsar da saura. Mata huɗu masu sunan Inna ta cusa a fayil ɗaya.

Kuma ba da ka ta yi ba, sai da ta tambaya. Ranar juyen, ta tsaya ta ce ta ga fayil dubu huɗu masu kama da juna, a duba ɗaya bayan ɗaya, ko a haɗe duka? Mutumin kamfani ya dubi agogo, ya dubi Injiniya. Injiniya ya miƙa yatsa ya danna "duka".

Ya kira mutumin kamfanin a waya.

"Ai ba matsala, ranka ya daɗe, ka dawo da kwafin ajiyar da muka ɗauka."

"Na buɗe shi. A haɗe suke a ciki."

Mutumin ya ce, "Au, haka ne fa. Bayan an haɗe su muka ɗauka, don kada ya yi nauyi. To naku na mako-mako fa?"

Faifan ajiyarsu ƙarami ne, shekara uku Injiniya yana rubuta takardar neman babba. Duk Lahadi sabon kwafi ke hawa kan tsoho ya shafe shi. Jiya Lahadi. Jiya yana zaune a bakin gadon Inna yana ba ta ruwa da cokali, sabar tana can tana shafe abin da ya rage, a kan lokaci, yadda shi da kansa ya koya mata.

"Zan tura wa manyanmu," in ji mutumin. "Cikin kwana uku na aiki za su tuntuɓe ka."

Ya sauka wurin Baban Kati. Tsohon yana zaune yana gyara tabarau da zare.

"Baba, katunan takarda na da, suna ina?"

"Yanzu kake neman su? Ba kai ka ce mun shiga zamani ba? Da rufin sito ya yi yoyo suka jiƙe suka manne, aka ƙone su. Ka sa hannu, na sa hannu." Sai ya ga fuskar Injiniya, ya ajiye tabarau. "Lafiya, ɗana?"

Da ya ji bayani, tsohon ya dubi ƙasa. "Wallahi don sauƙaƙa wa mutane na yi. Tsohuwa ta zo da ciwo, ka tsare ta da tambayar ranar da aka haife ta?"

"Na sani, Baba. Ni na rubuta wa Inna tata."

Likitan da ya duba ta a wancan lokacin ya rasu. Yaya kuwa da ya kira ta, kuka ta fara kafin ya gama magana.

"Ni dai na san allura ce. Ba kai ka ce an adana ba? Kai ne mai kwamfuta!"

"Murfin fa, Yaya? Ja ko shuɗi?"

"Wa yake kallon murfi uwarsa tana mutuwa?"

A fayil ɗin lambar waya ɗaya ce ta tsira cikin huɗu. Ya kira, ko a dace a cire mutum ɗaya daga lissafi. Wani magidanci ya ɗauka ya ce mai wayar ta rasu tun bara, wa ke magana? Injiniya ya yi masa gaisuwa ya kashe.

Saura wuri ɗaya. Duk abin da sabuwar manhaja ta watsar, takan bar ɗan tarihinsa a wani dogon jeri da ba mai karantawa. Ya shiga ciki layi-layi, idanunsa na ruwa, har azahar ta wuce bai tashi ba. Can wajen layi na dubu goma sha biyu ya ga lambar fayil ɗin. Ga gurbin nan, ga abin da aka zubar daga mata huɗun. Biyu babu komai. Ɗaya an rubuta sunan mai jan murfi. Ɗaya an rubuta sunan mai shuɗi. Babu lambar kati a gefensu, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya shigar.

Ya yi ta kallon kalmomin biyu, wai ko zai gane rubutunsa. Rubutun kwamfuta kuwa na kowa iri ɗaya ne. Tunda yake bai taɓa jin ya tsani kansa kamar wannan lokacin ba.

Ya kai wa Likita takardar. Ta karanta sau biyu, ta sauke numfashi.

"To. Zan fara da kaɗan, in ajiye maganin taimako a kusa. Amma ba zan ɓoye maka ba, yadda zuciyarta take, ko kaɗan ɗin zai iya fin ƙarfinta. In kuma muka bar ta haka, ba na jin za ta kai jibi. Kai ne ɗanta, kana wurin ranar. Ba abin da ya tsaya maka a rai?"

Ya roƙi a ba shi kwalaben biyu. Ya durƙusa a gefen gado, ya kama hannun Inna mai motsi. Hannun zafi rau.

"Inna, ni ne. Allurar da ta kumbura ki, in ita ce wannan, ki matse hannuna."

Ya ɗaga mai jan murfi. Idanunta suka buɗe da ƙyar, ba kwalbar suka kalla ba, shi suka kalla. Ta matse.

Ya ɗaga mai shuɗi. "Wannan fa, Inna?"

Ta sake matsewa, har da shafa bayan hannunsa da babban yatsa. Murna kawai take yi ya zo.

Ya miƙe. Likita na jira, Sista na jira da tire a hannu.

"A yi mata mai shuɗin," ya ce. Muryarsa ta fita daram, kamar ta wanda ya sani.

Sista ta ja kwamfuta ta cike gurbin da sunan mai jan murfi, ta ƙara da cewa bisa bayanin ɗan marar lafiya. Sabuwar manhaja ta karɓa nan take, ta nuna koren alama. Aka rataya ledar ruwa, aka zuba allurar a ciki, Likita ta murɗa ɗan makunnin a hankali.

Injiniya ya koma ya durƙusa. Inna ta lalubo hannunsa ta riƙe. Ya zuba wa leɓɓanta ido, ɗigon farko ya gangaro cikin roba.