Abin da Aljanin Malak Yake Faɗa

"To wa ya kawo mata aljanin, in ba kai ba?" Hajja Yalwa ta ce, ba ta ko ɗago daga kaskon da take toya kisra, wainar dawa, ba. "Mutum ya fito maƙabarta, ƙasar kabari na ƙafarsa, ya faɗa ɗakin mai jego kamar an koro shi!"

"Inna, murna ce. Ce mini aka yi ta sauka."

"Ga murnar nan muna sha. Kalas, na gama magana. Mai raksha na zuwa da kekensa bayan la'asar, a kai ta masid wurin Shehi. Yaron ya zauna hannuna."

Uwaisu ya sunkuyar da kai. A ƙauyensu da ke gefen garin Suki, ko yaro ya san kabsa: wanda ya ga gawa ba ya shiga wurin mai jego sai sabon wata ya tsaya, in kuwa ya shiga, to ya shigo mata da iska. Ranar da matarsa Malak ta haihu yana wurin jana'izar wani tsohon maƙwabci. Ana gama rufe kabari albishir ya same shi, ya kwasa a guje, ya manta da komai. Har yanzu yana ganin fuskarta a lokacin, gumi ya jiƙe mata goshi, tana dariya tana nuna masa jaririn da haɓa. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba mata suka ɗauki salati, suka jawo shi waje.

Daga nan komai ya juye. Ruwan nono ya ja baya. Malak ta daina cin abinci, ta koma kuka ba dalili, daga baya ta ce akwai mai yi mata magana. Aka rufe taga, aka hana baƙi, aka cika ɗakin da turaren kora iska. Uwarta tana Gadarif tun da yaƙi ya kore su, waya ma sai an yi sa'a take shiga. Wata ya tsaya, aka yi suna, aka raɗa wa yaro Mazin, amma Uwaisu bai koma ɗakin ba. Ya gaya wa kansa don lafiyarta ne. Wanda ya cuce ka sau ɗaya da shigowarsa, ai kyautatawarsa ita ce ya tsaya a waje.

Masid kuwa, gidan Shehi da ake kai masu taɓin iska, ya san shi. An taɓa kai ɗan kawunsa can. Ya dawo da shatar bulala a gadon baya, da idanun da ba sa tsayawa a kan fuskar kowa.

"Kada ka dube ni haka," uwar ta ce, muryarta ta yi rauni. "Biyu na binne kafin in same ka. Na san abin da nake gudu."

* * *

A hawasha, gonarsa ta noman rani, ya buɗe wa ruwa hanya ya tsaya yana kallo har ya malale kunyoyin da bai nufa ba. A bakin wannan magudanar ya fara ganin Malak, ta tattare tob ɗinta, dogon mayafin nan, tana tsallakawa, tana yi wa ƙawayenta tsiya don sun ji tsoron kwaɗi. Ranar ya koma gida da fartanyar wani, bai lura ba sai da mai ita ya biyo shi. Yarinyar da ba ta tsoron komai! Shi ne ya mai da ita haka, da ƙafafunsa biyu da zumuɗinsa na banza.

To in an kai ta, yaushe zai sake ganinta? Kuma wace Malak za a dawo masa da ita?

Ya yar da fartanya. Rana na tsaka ya isa gida, ya tarar uwarsa ta shiga maƙwabta. Ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya tura ƙofar.

Hayaƙi ya shaƙe shi. Sai da idonsa ya saba da duhun ya gan ta a ƙarshen gado, ta jingina da bango, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Jaririn na ɗaya ƙarshen, nesa da ita.

"Malak."

"Kada ka matso, Abu Mazin. Zai kama ka."

Ya matso. Ya zauna a ƙasa, dab da ƙafafunta.

"Don me kika ajiye shi can?"

"Nonona guba ne. Shi ya faɗa."

"Mi kuma yake ce miki? Gaya mini duka."

Ta fara lissafowa a hankali, kamar mai biya karatu. "Ya ce ni ba irin matan da ke riƙe ɗa ba ce. Ya ce rawar kai ta yi mini yawa, dole abu ya same ni. Ya ce da uwata ta damu da ni da ta zo ko da ƙafa." Ta dube shi. "Wanda ya fi ciwo, da muryarka yake faɗinsa. 'Wallahi ni tsoron ganinta nake yi.'"

Uwaisu ya san maganar nan. Shi ya faɗe ta, da safe bayan suna, kofin jabana, gahawar safe, a hannunsa. Sauran ma ya san masu su: ta nono gwaggonsa ce, ta rawar kai uwarsa ce, ta Gadarif wata maƙwabciya. Ya ɗaga kai. Tsakanin saman bango da rufi akwai rata, tafin hannu zai shige. Bayan bangon kuwa rumfar da gidan duka ke zama ana shan kofi ce.

Kamar an kira su, sai ga ƙarar kofuna. Uwarsa ta dawo tare da Sabah maƙwabciya, muryoyinsu tar, tamkar a kan gadon suke zaune.

"Ma'alesh, sai haƙuri, Hajja. Yarinyar nan kam ta tafi, sai addu'a."

"Waɗannan su Hajja ne, na sani," Malak ta ce a hankali. "Ban haukace ba. Amma in sun tashi, shi sai ya ɗauka daga inda suka tsaya. Ya yi ta maimaitawa, ya yi ta maimaitawa. Ba wanda ke shigowa ya katse shi."

"Ya taɓa faɗin abin da ba a faɗa a gidan nan ba?"

"Abu guda. Kwanan nan ya fara." Ta dubi ƙofa. "Ya ce kogi ba nisa."

Uwaisu ya kama ƙafafunta da hannu biyu, ya kifa goshinsa a kai, kuka ya ƙwace masa. Shi ba malami ba ne, bai san iyakar abin da ido ba ya gani ba. Amma ya san wannan: duk tsawon lokacin nan yana tuhumar kansa da shigowar da ya yi, alhali fitar da ya yi ce ta cinye ta. Sun rufe mace ita kaɗai cikin duhu, sun zauna bayan bango suna zuba mata baƙaƙen maganganu, sannan suka ce aljani ne.

Ya tashi ya ɓalle tagar. Haske ya faɗo a kan gadon. Ya ɗauko Mazin ya aza mata a cinya, ya riƙe hannuwanta a ƙarƙashin yaron.

* * *

Bayan la'asar raksha mai ƙafa uku ta tsaya a ƙofar gida. Hajja Yalwa ta fito da ƙullin kayan Malak, a ɗaya hannun kuma sabon kwaɗo mai sheƙi, makullinsa na lilo.

"Na mi ne wannan, Inna?"

"Shehi ya ce kowa ya zo da nasa, na sarƙar ƙafa." Ba ta iya haɗa ido da shi ba. Sai ta hangi Malak a bayansa, lulluɓe da tob, jariri a ƙirji, tana ƙifta ido kamar wadda ta manta rana. "Kai! Ka shiga? Miƙo yaron nan!"

Uwaisu ya karɓi ƙullin kayan, ya bar mata kwaɗon a hannu. Ya taimaki Malak ta hau, ya hau kusa da ita, kafaɗarsa na taɓa tata a gaban kowa.

"Masid ko, ya zol?" direba ya tambaya da Larabcin garin.

"A'a," Uwaisu ya ce, da ƙarfi yadda har na rumfa za su ji. "Asibitin Sinnar za mu. Yaron yana wurin uwarsa, ni ma ina wurinta."