Shinkafar Inna Hajo

Tun daga zaure Bara'atu ta ji ƙamshin gumin shinkafa. A tsakar gida ta tarar da Adila, surukar marigayiya Inna Hajo, tana juya shinkafa shanshera a tukunya. Gefe ga tulun marigayiyar a buɗe, an fasa lakar da aka liƙe bakinsa da ita.

Jiya aka kai maƙwabciyar tata makwanci. Tsohuwa ce mai taurin kai, Allah ya jiƙanta. Duk Haɗeja an koma irin zamani, ita kuwa tana riƙe da jar shinkafar kakanninta, wadda in ruwa ya ƙaru sai ta ƙara tsayi. Da ciyawar kacala ta cinye fadamarta, sai ta cuɗe irin da toka ta rufe a tulu. Masu tattara iri sun yi ta zarya, suna roƙon ko tafi guda su kai ɗakin sanyi, inda zai yi shekara da shekaru bai mutu ba. Ta ce shinkafarta ba gawa ba ce.

Sai da ciwo ya kwantar da ita ta sauko. Ta riƙe hannun Bara'atu ta ce, "In mutanen nan sun dawo, ki ba su. Na gaji da gadi."

Bara'atu ta bari sai an share makoki ta faɗa wa Garba, ɗan marigayiyar. Wa zai yi zancen iri a kan gawa?

"Yaya Bara'atu, ai ta sadakar uku ce," in ji Adila, tana share gumi da gefen mayafi. "Na ga abinta ne, gara ladan ya isa gare ta."

Irin da ya sha wuta ya gama tsiro. Gajiya ta sauko mata, ta nemi turmi ta zauna.

Ran sadaka tsofaffi suka ci suna santi, wai rabonsu da wannan ɗanɗano tun suna yara. Har wani ya tambayi inda ake sayar da ita. Bara'atu ta kasa kai loma.

Da aka watse ta jawo tulun, ta zazzage tokar gindinsa a faifai, tana bi da yatsa a hankali. 'Yan ƙwayoyi ne, ba su rufe tafin hannu ba. Ta ƙulle su a haɓar zanenta, kajin gidan na kewaye ta.