Tulun Hadari

"Riƙe kansa! Kai Mudassiru, riƙe kansa mana, kada ya bugu da ƙarfen!"

Badamasi ne ke wannan ihu yana tura baro a kan gaɓar kanal. Baba Sammani na kwance a ciki, ƙafafunsa na reto a waje, babu takalmi. Mudassiru, wani manomin layinsu, na gudu a gefe tallabe da kan tsohon. A tsakiyar fangalin tumatur suka tsince shi da rana tsaka, bokiti a hannu. Ashe tun safe yake jidar guntun ruwan kwatamin bayan gona, kore shar mai wari, yana bin tumatur gindi-gindi yana ɗiga masa. Mutumin da ya haura saba'in, a zafin bazarar Kura! Ga kuma babban kanal nan dab da su, ruwa na tafiya abinsa.

Badamasi da Baba Sammani maƙwabta ne gida da gona. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, gonakinsu kuma su ne biyun ƙarshe a layin ruwa, inda ake kira wutsiya: albasar Badamasi, sannan tumatur ɗin Baba, daga shi sai kwatami. Ruwan layin daga babban kanal yake shigowa ta wata ƙofar ƙarfe mai makulli, kuma tun iyaye akwai ƙa'idar da kowa ya tashi ya tarar. Idan ruwa ya yi ƙaranci, sai a toshe bakin gonakin sama, a kora shi har wutsiya, na ƙarshe ya fara sha, sannan a riƙa dawowa baya. Na sama ko yaya aka yi danshi na isar masa. Na wutsiya kuwa in ba a fara da shi ba, sai dai ya ji labari.

Baba Sammani ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, noman nasa ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Baki Allah ya ba shi. Manomin rani rabin rayuwarsa a jiran ruwa take ƙarewa, su kuwa a gindin mangwaron bakin ƙofar ƙarfen nan suke nasu jiran, Baba na zuba musu labaran wasu jarumai da shi ya ƙirƙiro abinsa. Akwai Barde Ƙanƙara da kibiya ke lanƙwashewa a ƙirjinsa. Akwai Gimbiya Tsawa da ta ɗauki takobi ranar da aka kashe mata ƙanne. Sai Ɗan Tsumma, maraya, wanda ko loma ɗaya ya samu sai ya raba ta biyu. Sai ka ga magidanta da furfura, ga wayoyi cike da finafinai a aljihu, sun saki baki kamar yaran da aka yi wa alkawarin alewa.

Duk labaran hanya ɗaya suke bi, wato neman Tulun Hadari, wani tulu da ke binne a ƙarƙashin dutse. Duk inda aka karkata bakinsa nan ruwan sama zai sauka, inda aka juya wa gindinsa kuma sai fari. Baba bai taɓa barin wani jarumi ya kai ga tulun ba. Da an matso kusa sai ya tsaya, ya ɓare goro, ya ce, "To jama'a, a hannun wa zai shiga mu kwana lafiya?"

Shi ke nan musu ya kaure.

"Barde dai ranar farko zai fara karɓar kuɗin ruwa," in ji Mudassiru. "Mai ƙarfi ai ba ya jin a'a."

Wani ya ce, "Gimbiya za ta yi adalci damina ɗaya. Daga ta tuno garin da aka kashe mata ƙanne, wallahi sun ga ruwa na ƙarshe."

Maharazu ne mai zafin ciki. Saurayi ne a lokacin, mai wata ƙaramar gona a saman layi, sa'an Badamasi kuma abokin cin rogonsa. Yakan miƙe tsaye har jijiyar wuyansa ta fito. "Ɗan Tsumma dai! Wanda ya san ƙishirwa ba zai hana wani ruwa ba. Ko ni nan aka ba wa tulun, na rantse gonata ce ta ƙarshen sha!"

Badamasi ba mai yawan magana ba ne. Sau ɗaya aka matsa masa, ya ce shi a ganinsa in Ɗan Tsumma na da hankali ba zai ma ɗauki tulun ba, mayar da dutsen zai yi ya kama gabansa. Aka yi masa dariya aka ce ya ɓata labari.

Da mai riƙe da makullin layin ya tsufa aka zauna zaɓen wani, Baba Sammani ne ya miƙe ya ce a ba Maharazu. "Kun dai ji amsarsa a gindin mangwaro," in ji shi. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Haka fa aka yi, da tatsuniya mutanen nan suka zaɓi ciyaman, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Shekarar farko kowa sai sa masa albarka yake. Daga nan ya karɓi hayar gonar kusa da tasa, ya ƙara da ta gaba da ita, ya zuba musu shinkafar rani, ita kuwa shinkafa ba ta san ƙoshi ba. Bana da aka rage ruwa daga sama sai ƙa'idar wutsiya ta bi iska. Kullum Baba ya tare shi, amsar ɗaya ce, cikin ladabi har da rusunawa: "Gobe, Baba. In sha Allahu gobe."

A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye wa Baba Sammani ɓarin jiki, aka ba da magani, aka ce a mayar da shi gida. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙofar ɗaki inda iska ke ɗan ratsawa. Matarsa Iya Asta na zaune a gefe tana kora masa ƙuda da mafici. Bakin nan da ya riƙe layi guda shekara da shekaru ya karkace, magana sai an kai kunne.

"Tumatur... ya sha?"

"Zai sha, Malam, ka kwantar da hankalinka," in ji Iya.

Da Badamasi ya tashi fita sai ta biyo shi zaure. "Ɗan nan, tumatur ɗin nan fure yake. In furen ya zube, ni da shi ba mu da abin kai wa baki har damina ta faɗi. Ka san ba mu da kowa a kusa."

Ran Badamasi ya ɓaci ƙwarai. Daga nan bai zame ko'ina ba sai gindin mangwaro. Ya tarar da Maharazu zaune a kan sabon babur, makullin na rataye a wuyansa da igiyar leda, ruwa na kwarara cikin shinkafa har yana sheƙi.

"Ciyaman, tsohon da ya ɗora ka yana can kwance saboda ruwan kwatami."

"Na ji, wallahi na ji, kuma zan shigo dubiya." Maharazu bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona wa Badamasi rai ke nan. "Amma ka duba tsakani da Allah. Tumatur ɗin nan ya riga ya tafi. In na kora ruwa har can a zuba wa abin da ya mutu, an yi asara biyu. Bari shinkafa ta ɗan sha, na ɗan lokaci kawai, sai in sako muku."

"Ɗan Tsumma ke nan! Mai gonar ƙarshen sha!"

"Haba Badamasi, wancan ai tatsuniya ce. Ni ina da iyali."

Badamasi ya tofar da yawu a gaban tayar babur ɗin ya juya.

Washegari da hantsi mutanen layi suka shigo dubiya, suka zazzauna a tabarma. Badamasi ya kasa haɗiye abin da ke cinsa. Ya matsa kusa da katifa ya ce, "Baba, jaruman nan naka duk kanwar ja ce. Da Barde da Gimbiya da Ɗan Tsumman, babu wanda tulu zai bari."

Tsohon ya girgiza kai da ƙyar. Taurin kansa ko ciwo bai taɓa shi ba.

"Akwai," ya ce. Ya huta, ya sake jawo numfashi. "Kai ka faɗa... aka yi maka dariya. Wanda ya ƙi ɗauka. Shi za a ba wa." Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna Badamasi, yana duban Mudassiru. "Ku ba shi makullin."

"A'a Baba, ni ba na so."

Sai ɓarin fuskar tsohon mai rai ya yi murmushi, irin na mutumin da ya ci musu. "Kun ji ko?"

Ita ce doguwar maganarsa ta ƙarshe. Bai ƙara wani kwana mai yawa ba, wata safiya Iya ta kawo masa kunu ta tarar rai ya yi halinsa. Kafin azahar an kai shi. Maharazu ya zo jana'iza, ya fi kowa kuka, shi ne ma a gaban makara, kuma babu mai iya rantsewa cewa kukan ƙarya ne. A zaman makoki manyan layi suka ce ya ajiye makulli. Bai yi musu ba, ya cire igiyar ya aza a tabarma, ya dubi Badamasi ya ce, "Allah ya taya ka riƙo." Badamasi ya ƙi taɓawa har sai da Mudassiru ya ce maganar mamaci ce, ba a mayar da ita. Iya Asta kuma ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dashe.

"Ɗan nan, ga amanar tumatur ɗin Malam nan."

"In Allah ya yarda, Iya, shi zai fara sha."

A ranar aka kawo sanarwa cewa gobe da azahar za a rufe babban kanal don gyara, kuma ba a faɗi ranar buɗewa ba. Da gari ya waye Badamasi ya murɗa makulli ya ɗaga ƙofar ƙarfe. Ya bi layi da fartanya yana toshe bakin kowace gona da laka, ya fara da shinkafar Maharazu, ya danna lakar da ƙafa sosai. Mutane na tsaye a gonakinsu suna ce masa, "Haka ake yi! Allah ya jiƙan Baba, bai yi zaɓen banza ba." Maganar ta yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba.

Amma hanyar ta daɗe ba ta ga ruwa ba, duk ta tsattsage. Ƙasa ta yi ta sha, ruwan na rarrafe, shi kuma yana biye da shi yana kawar masa da ciyawa. Ko da suka iso wutsiya rana ta yi sama, ruwan kuma ya sirance, bai fi kaurin damtse ba. Babu kowa a wurin, kowa na can sama yana jiran a dawo kansa.

Ruwan ya iso daidai bakin gonarsa. Badamasi ya yi niyyar kada ya duba, amma ya duba. Albasar ta fara ɗaura kai, ganyen ya yi rawaya daga sama ya kwanta. Sha ɗaya take nema, ɗaya tak, ta zama kuɗi. Da ita ya yi niyyar rufin ɗakin da ke yoyo, ga matarsa Rauda da tsohon ciki. Ya ɗaga ido ya dubi tumatur ɗin Baba. Fure ya zube a ƙasa, ganye ya nannaɗe. Can gefen kwatami, inda tsohon ya yi ta ɗiga ruwan bokiti, akwai layukan da ke da sauran kore da ɗan fure a kai. Ba su da yawa. Tsakani da Allah, ba su da yawa.

Ya dubi rana. Ruwan nan ba zai ishi gona biyu ba kafin azahar. In ya zuba shi a kan abin da ya riga ya tafi, an yi asara biyu. In albasa ta yi kyau kuwa, ai shi zai ɗauki nauyin Iya, buhu guda ma zai iya kai mata, wa ya fi shi sanin halin da take ciki? Ya ji maganar tana zuwa masa a tsare, da santsi, kuma ya san a bakin wa ya fara jin ta. Sanin bai hana hannunsa ɗaga fartanya ba.

"Na ɗan lokaci kawai," ya faɗa a fili, ko da yake babu mai ji.

Sara biyu ya yi, bakin gonarsa ya buɗe. Ya kwashi lakar ya tare gaba da ita. Ruwan ya ɗan yi jim, ya juya, ya shiga cikin albasa, ƙasa na tsotsa tana ƙananan kumfa.

Badamasi ya tsuguna a gaɓa ya ba gonar Baba baya, makullin na reto a ƙirjinsa. Bai tashi ba har aka kira azahar a masallacin ƙauye, ruwan ya fara ja da baya. A bayansa, taku kaɗan daga lakar da ya tare, takalman robar Baba Sammani na nan inda ya tuɓe su a bakin fangali, a jere, kusa da bokitin da ya kife, busasshen furen tumatur ya taru a cikinsu.